Albarka

Shekara tara ina ƙirga masarar wasu.
Daga Shika har Giwa, gona dubu huɗu da 'yan kai,
na san wadda ta sha taki a kan kari,
na san wadda ruwan Yuni ya yaudara.
Ni na gano buhu ɗari bakwai da suka yi ƙafa
tsakanin sito da bayan mota,
don layi ɗaya ya ƙi kwanciya a jadawali,
na ce, in ba ƙira, me ya ci gawayi?
Aka ce, "Suwaiba, sannu da ƙoƙari."
Sannun ta tsaya a baki, ba ta gangaro aljihu ba.

Daren Talata wuta ta ɗauke a Hanwa.
Da sauran cajin kwamfuta na buɗe sabon shafi,
na rubuta sunana a sama,
yau ma'auniya ta hau sikeli.
Haya ta ninka biyu.
Kuɗin mota daga Kwangila zuwa Samaru ya ninka uku.
Albashi kuwa yana kwance
kamar Kubanni a tsakiyar rani.

Ƙofofi akwai, na leƙa su.
Legas ta kira sau biyu, da murya mai zaƙi,
amma wa zai kai Baba asibiti ran Alhamis?
Wasu na ƙetare suna biya da dala,
in ka yarda darenka ya zama ranarsu,
in layin sadarwa bai yi maka yaji ba.
Ga kujerar manaja, taro da sa hannu,
alƙaluma su zama baƙin da nake gaisarwa daga nesa.
Ko in kama ɗaki a PZ, in kafa allo da sunana,
in ci yau, in jira gobe.

Sai na tuna Iya Tabawa,
mai awo a kasuwar Tudun Wada,
ina 'yar shekara takwas ina riƙe mata bakin buhu.
"In mai saye ya taya, dubi mudu, bar fuskarsa.
Kada ki cika shiru da surutu,
shirun ma ciniki ne.
Albarka ba zagi ba ce, jikata,
ƙofa ce da ake turawa, ba a sa mata sakata."

Laraba, ƙarfe goma.
Malam Jatau ya sauke tabarau kan hanci:
"Kashi takwas cikin ɗari. Kin san halin da ake ciki."
Na sani mana.
Halin da ake ciki ni na lissafa shi,
ni na yi masa zane mai launi aka kai wa na sama.
Na tura takarda ɗaya gabansa,
abin da na tsare, abin da na ƙaro,
abin da ake ba irina a wani wuri.
Tafin hannuna ya jiƙe.
Na ce, "Albarka."

Fanka tana juyi.
Wani babur ya wuce, ya dawo.
Na ƙirga har sha ɗaya a zuci,
harshena yana ƙaiƙayin neman gafara,
na danne shi da haƙori.

"To, nawa?"
Na faɗa, murya ba ta yi rawa ba sai a ƙarshe.
Ya yi dariyar da ba ta kai ido ba,
ya ce ashirin, da shugabancin sashe,
da yara biyu da zan koya wa aiki,
sauran sai ya gana da na sama.
Na ce a rubuta, a sa kwanan wata.
Ban sallama ba tukuna,
ban kuma naɗe buhuna ba.

A bakin ƙofa wata tsohuwa da tiren gyaɗa
ta ce gwangwani ɗari uku.
Na taya ɗari biyu, don sabo.
Ko kallona ba ta yi ba.
"Albarka."
Na ciro ukun na ba ta,
na tafi ina ɓarewa har tasha.